Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa Ta Duniya Kan Jiragen Yaƙi Marasa Matuƙa Masu Farautar Jiragen Ƙarƙashin Teku

Zuwa ga Mai Girma Sakatare Janar, Arsenio Dominguez, da mambobin Kwamitin Kiyaye Haɗurra a Teku na Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya (IMO), Landan.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni jami'i ne a jirgin ruwan dakon kaya, cikin waɗanda ake damƙa wa ɗakin tuƙi daga sha biyun dare zuwa ƙarfe huɗu na asuba. Na rubuto da yawun abokan aikina, 'yan Afirka ta Yamma da na wasu ƙasashe, waɗanda muka sha tauna wannan magana a wajen cin abinci. Na kuma rubuto saboda masuntan kwalekwale da muke giftawa ta gefensu dare da rana, waɗanda ba su da kujera a zaurenku, yawancinsu ma ba su san akwai zauren ba.

Tun 2017 kwamitinku ya fara duba batun jiragen ruwa masu tuƙa kansu. A watan Mayun 2021 kuka kammala bitar tsofaffin dokoki, kuka shiga rubuta sabon kundi, wanda za a fara bi bisa son rai, sannan bisa jadawalinku sai a 2032 zai zama tilas. Mun yaba da wannan aiki. Damuwarmu ita ce kundin ya jingina ne da yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku, wato SOLAS, ita kuwa SOLAS tun asali ta ware jiragen yaƙi gefe. Kenan kuna rubuta doka ga jiragen kasuwanci marasa matuƙa, waɗanda har yau tsiraru ne kuma yawancinsu a gwaji suke kusa da gaɓa, alhali da yawa cikin waɗanda suka riga suka fita tsakiyar teku babu ko mutum ɗaya a ciki na sojoji ne, kuma babu babin da ya taɓa su.

Domin mai karatu da bai san su ba, ga abin da nake nufi. A watan Afrilun 2016 a birnin Portland na jihar Oregon, hukumar binciken makaman Amurka, DARPA, ta ƙaddamar da jirgin da ta sa wa suna Sea Hunter. Tsawonsa kusan mita 40, siriri ne, da ƙananan fikafikai biyu a gefe da ke hana shi kifewa, kuma an ƙera shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 20. Aikin da aka yi shi dominsa guda ne: ya gano jirgin ƙarƙashin teku mai amfani da dizal da batir, ya manne masa, ya bi shi duk inda ya nufa na tsawon makonni, ba barci, ba canjin ma'aikata. A 2018 aka miƙa shi ga ofishin bincike na rundunar sojin ruwan Amurka, kuma ba a daɗe ba ya tashi daga San Diego ya je Pearl Harbor a Hawaii ya dawo da kansa, in ban da 'yan lokuta da injiniyoyi suka hau don duba na'urori. A 2021 aka kawo ƙaninsa, Seahawk.

Mun san abin da ya haifar da wannan. Jirgin ƙarƙashin teku mai batir, idan ya kashe injin dizal ya lafe, ganinsa sai an sha wuya. A watan Oktoban 2006 wani na Sin ya ɓullo 'yan mil kaɗan daga katafaren jirgin dakon jiragen yaƙin Amurka, Kitty Hawk, a kusa da Okinawa, masu rakiyarsa ba su ankara ba. Kuma lissafin kuɗin a fili yake. DARPA ta ce tafiyar da Sea Hunter na cin dala dubu 15 zuwa 20 a rana, babban jirgin yaƙi mai sojoji kusan 300 kuwa yana cin wajen dala dubu 700. Duk ƙasar da ta ga wannan lissafi za ta so ta mallaki nata, kuma ana ta yi. Kamfanin Elbit na Isra'ila yana da Seagull, wanda ya riga ya gwada harba makamin kakkaɓo jirgin ƙarƙashin teku, Sin da Turkiyya da Birtaniya kowa na kan nasa. Ba mu zo neman ku hana su ba, mun san ba ku da wannan iko. Mun zo ne kan abin da ke faruwa da mu idan hanya ta haɗa mu da su.

Kokenmu na farko shi ne ido. Dokokin kauce wa karo na 1972 sun hau kan kowane jirgi a teku, har na soja, kuma doka ta 5 ta ce dole kowane jirgi ya kasance da mai tsaro a kowane lokaci, yana gani yana ji. Masu ƙera Sea Hunter sun ce sun gwada shi a kan waɗannan dokoki da rada da kyamarori, ya kuma kauce wa jiragen da aka gitta masa. Ba mu ƙaryata ba. Tambayarmu ita ce, wane irin jirgi aka gitta masa? Duk wanda ya yi tsaron dare a gaɓar Ghana ko Senegal ya san kwalekwalen katako ba ya fitowa a rada idan igiyar ruwa ta tashi, sai dai ya yi ɗigo ya ɓace cikin tarkacen da ruwa ke zanawa a allo. Ba shi da na'urar AIS mai sanar da suna da matsayi. Sau da yawa ko fitila ba shi da ita, don ana tattalin batir.

Wani dare muna gangarowa kudu da cikakken lodi, allon rada fes, babu komai a gabanmu. Matuƙin da ke tsaro tare da ni, dattijo ne da ya girma a garin masunta, ya ce in dubi ɗan dama da goshin jirgi. Ban ga komai ba sai da ya nuna da yatsa: wani ɗan haske na lilo sama da ƙasa, tocila ce a hannun mutum. Muka karkata. Da muka zo wucewa muka haska, sai ga kwalekwale da mutane a ciki, ɗaya a tsaye yana ta kaɗa tocilar, yana nuna mana bayansa. Jarkokin roba ne a jere a kan ruwa, an ɗaure su a matsayin alamar raga, sun miƙe har inda haskenmu bai kai ba. Abin da mutumin ke faɗa da hannunsa shi ne kada mu bi ta nan, mu zagaya ta can. Dattijon ya fahimce shi nan take, muka ƙara karkata, ragar ta tsira. Wannan raga wataƙila bashi aka ci aka saye ta, kuma gidaje da yawa ke ci daga gare ta. Doka ta 18 ta ce jirgi mai inji shi ke kauce wa mai kamun kifi. Muna so mu san ko na'urar da aka koya wa gane jiragen ƙarfe a gaɓar Kalifoniya ta san cewa jarkar man gyaɗa da ke yawo a ruwa alamar dukiyar wani ce, kuma hannun da ke lilo da tocila magana yake yi.

Za a ce mana ai mutum ma yana kuskure, kuma gaskiya ne. A 2017 jiragen yaƙin Amurka biyu, Fitzgerald da John S. McCain, cike da ma'aikata, suka yi karo da jiragen kasuwanci, ɗaya a kusa da Japan ɗaya a kusa da Singafo, sojoji 17 suka mutu. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. An yi bincike, an sauke kwamandoji, kuma rundunar ta umarci jiragenta su riƙa kunna AIS a wuraren da zirga-zirga ta yi yawa. An samu gyara ne saboda akwai waɗanda aka zaunar aka yi wa tambayoyi.

Na biyu, rediyo da sanin ko wane ne. A teku idan ka ga jirgi bai gamsar da kai ba, ka ɗauki rediyo ka kira shi a tasha ta 16, ka faɗi matsayinsa, ka tambayi niyyarsa. Rabin haɗurran da ba su faru ba, wannan 'yar magana ce ta hana su. Jirgin da aikinsa farauta ne ba zai so a san inda yake ba, doka kuma ba ta tilasta wa na soja kunna AIS ba. To jami'in da ke tsaron dare ya ga wani abu ƙasa-ƙasa da ruwa, mai gudu, ba suna a allo, ba haske a taga, ya kira shiru, me ake so ya ɗauka? Wannan ba tambayar raha ba ce ga wanda ya bi ta Bahar Maliya a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2024 'yan Houthi suka aika wa jirgin dakon kwal mai suna Tutor ƙaramin jirgi marar matuƙi maƙare da bam, ya fasa shi ta baya, ma'aikaci ɗan Filifin ya rasa ransa, jirgin ya nutse bayan kwanaki. Tun daga nan duk ƙaramin abin da ya doso mu babu amsa, gabanmu faɗuwa yake. Jiragen da ke ɗauke da masu gadi da bindiga kuwa yatsa na kan kunama. Kuma mun san wanda ke kwana a ciki idan tsoro ya yi yawa. A watan Fabrairun 2012 sojojin Italiya da ke gadin jirgin dakon mai Enrica Lexie suka harbe masunta biyu 'yan Indiya a gaɓar Kerala, sun zaci 'yan fashin teku ne. Duk ƙarin abin da ke yawo a teku ba suna ba murya, ƙarin zargi ne a kan talakan da ya matso kusa don ya kare ragarsa.

Na uku ya fi kowanne ci mana tuwo a ƙwarya, domin yana cikin ainihin yadda aka tsara jirgin. Mu muna tafiya daga tasha zuwa tasha a kan layin da aka zana, kowa na iya hasashen inda za mu bi. Shi kuwa jirgin farautar nan marar matuƙi, hanyarsa tana hannun abin da yake bi. Kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin teku da ya ji ana binsa ba zai nufi inda ruwa ya yi tsit ba. Zai nemi inda hayaniya take, ƙarƙashin layin jiragen kasuwanci, mashigai masu cunkoso, ruwa marar zurfi inda masunta suke, don ƙarar injinanmu ta rufe tasa. Mai binsa kuma dole ya bi shi can. Kamar karen farauta ne da aka saka ya bi zomo, zomon ya faɗa kasuwa, mafarauci kuma yana gida. Ga shi irin waɗannan jirage wasunsu na jan doguwar igiyar na'urorin saurare a baya, wadda a manyan jiragen yaƙi kan wuce kilomita guda, a nutse, ba mai ganinta.

Teku ta riga ta nuna mana abin da wasan ɓuya na sojoji ke yi wa masunta. A watan Nuwamban 1990 a mashigin Clyde na Scotland, jirgin ƙarƙashin tekun Birtaniya, Trenchant, ya sarƙe da ragar jirgin kamun kifi Antares ya ja shi ƙasa, mutum huɗu suka mutu. A ranar 9 ga Fabrairun 2001 na Amurka, Greeneville, ya taso da ƙarfi a kusa da Hawaii ya fasa Ehime Maru, jirgin koyar da kamun kifi na Japan, mutum tara suka mutu, huɗu ɗaliban sakandare ne. A karo na biyun an san sunan kwamandan, ya tsaya gaban kwamitin bincike, aikinsa ya ƙare, daga baya ya je Japan ya nemi gafarar iyalai, Amurka ta biya diyya. Wannan bai dawo da kowa ba, amma iyaye sun ga fuskar wanda ya ba da umarni. Idan jirgi marar matuƙi ya bi ta kan kwalekwale a tsakar dare, wa za a kira? Sojan da ke gaban kwamfuta a wata nahiya, wanda wataƙila jirage da yawa yake dubawa lokaci guda, ko kamfanin da ya rubuta manhajar, ko kwamandan da ya aike shi makonni da suka wuce? Sashe na 29 na yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ya ce jirgin yaƙi shi ne wanda ke ƙarƙashin hafsan da gwamnati ta naɗa, kuma yake da ma'aikata masu bin horon soja. Waɗannan ba su da ma'aikata. Duk da haka masu su na cewa dukiyar gwamnati ce mai kariya, ba a kamawa ba a bincikawa. Sun ɗauki kariyar jirgin yaƙi sun bar nauyin da ke tafiya da ita. Kuma a gaskiya ma, kwalekwalen da aka taka a nisan mil hamsin daga gaɓa ba ya barin mai ba da labari. A gida za a ce ruwa ya ci su, a yi sadakar uku.

Na huɗu, ceto. Sashe na 98 na waccan yarjejeniya ta 1982 ya ɗora wa kyaftin ɗin jirgi nauyin taimakon duk wanda ya tarar cikin haɗari a teku, kuma tun kafin a rubuta shi haka ma'aikatan ruwa ke yi. A 2024 mutum fiye da dubu 46 suka isa tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya a kwalekwale daga gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda ba su isa ba kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Da yawa cikin waɗanda suka rayu, wani jirgi ne da ke wucewa ya gan su ya tsaya ko ya kira masu ceto. Jirgi marar matuƙi ba shi da hannun da zai jefa igiya, ba shi da ruwan sha, ba shi da tsani. Abin da ya fi wannan muni, idan yana tsakiyar bin abin farautarsa, shin an rubuta masa ya sanar cewa ya ga mutane na nutsewa, alhali sanarwar za ta tona inda yake? Ba mu ga inda wata runduna ta amsa wannan a bainar jama'a ba.

Akwai kuma ƙarar na'urar sona mai aika sauti cikin ruwa. A watan Maris na 2000 manyan kifayen nan da ake kira wel suka yi ta fitowa gaɓa a Bahamas bayan atisayen sojin ruwan Amurka, rundunar da kanta ta amince sonarta na da hannu. An sake gani a Kanari a 2002 lokacin atisayen ƙungiyar NATO, har Sifaniya ta hana amfani da irin wannan sona a kewayen tsibiran a 2004. Wancan atisaye ne na 'yan kwanaki. Yanzu ana maganar jirage masu araha da za su yi wata da watanni suna aiki.

Rashin doka ya riga ya fara haddasa rigima tsakanin manya. A Disamban 2016 sojin ruwan Sin suka tsame wata na'urar Amurka marar matuƙi daga ruwa a yammacin Filifin, sai bayan kwanaki suka mayar. A 2022 Iran ta yi yunƙurin jan wani ƙaramin jirgin leƙen asiri marar matuƙi na sojin ruwan Amurka, ƙirar kamfanin Saildrone, a Tekun Fasha, kwana kaɗan bayan nan ta ɗauke biyu a Bahar Maliya kafin ta sake su, duk a hanyoyin da muke bi da man fetur da hatsi. A Disamban 2020 kuma wani masunci a tsibirin Selayar na Indonesiya ya tsinci irin wannan na'ura a ruwa ya kai wa hukuma. Ya yi sa'a ba ta ɗauke da abin fashewa, ba kuma wanda ya tuhume shi da sata.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku buɗe zama na musamman kan jiragen gwamnati da na soja marasa matuƙa, kada ku jira 2032. Mun san ba ku yi wa rundunoni doka, amma dokokin kauce wa karo naku ne kuma sun hau kansu. Ku fito ku faɗi a rubuce abin da doka ta 5 ke nufi ga jirgin da babu mutum a cikinsa, kuma ku sa gwajin ya haɗa da kwalekwalen katako marar fitila, da dare, cikin igiyar ruwa, da raga a shimfiɗe. Ku gayyaci ƙasashen da masuntansu ke amfani da irin waɗannan jirage su kawo nasu su tsaya a wajen gwajin, daga Afirka ta Yamma, Indiya, Indonesiya da Filifin.

Ku tsayar da fitila ko alama ta daban da za ta nuna wa duk mai gani cewa wannan jirgi babu kowa a ciki, kamar yadda masu share nakiya da masu jan wani jirgi ke da nasu. A mashigai da layukan da kuka tsara wa zirga-zirga, da wuraren kamun kifi da aka sani, a kunna AIS. Rundunar Amurka ta yarda da haka ga jiragenta masu mutane bayan 2017, ba mu ga dalilin da zai sa marasa mutane su fi su sirri ba. Duk wanda ya kira a tasha ta 16 kuma, mutum mai rai ya amsa masa cikin mintuna, mutumin da ke da ikon karkatar da jirgin.

Kowane irin wannan jirgi ya kasance da hafsa guda da sunansa ke rubuce a matsayin kyaftin, ko da yana zaune a tudu, da lambar ƙasa a jikin jirgin da za a iya karantawa daga nesa. A ajiye bayanan tafiyarsa da hotunan kyamarorinsa, ta yadda idan kwalekwale ya ɓata a yankin da ya bi, ƙasar masuntan za ta iya nema a duba.

A rubuta a sarari cewa ganin mutane cikin haɗari ya fi farauta. Jirgin ya aika da sanarwa ga cibiyar ceto mafi kusa, ya tsaya a wurin a matsayin alama har taimako ya zo, kuma manyan cikinsu su ɗauki rigunan ceto da kwalekwalen roba da za a iya saki daga nesa.

Bayan haɗarin Antares, sojin ruwan Birtaniya sun fara sanar da masunta ta rediyo yankunan da jiragen ƙarƙashin teku za su yi atisaye. A yi irin wannan ga jirage marasa matuƙa a duk duniya, ta hanyar gargaɗin da ake aiko mana a NAVTEX, na'urar da ke kawo wa jirage sanarwa a rubuce ta rediyo, a kuma miƙa wa hukumomin gaɓa don su isar da shi ga masunta da harshen da suke ji, tare da ware wuraren da ba za a kunna sona mai ƙarfi ba. A kuma fitar da ƙa'ida mai sauƙi ga wanda ya tsinci irin wannan na'ura a ragarsa: kada ya taɓa me, wa zai kira, wa zai biya shi ragar da ta yage, da tabbacin cewa ba za a kama shi ba don ya kawo ta gaɓa.

Muna roƙon a sa wannan batu a jerin abubuwan da kwamitin zai tattauna a zamansa na gaba, a kuma ba wakilan ma'aikatan jiragen ruwa da na ƙananan masunta damar yin magana a wurin kafin a rufe kundin.

Naku cikin girmamawa,

Jami'in tsaron dare a jirgin dakon kaya, a madadin abokan aikinsa.